Layin Marigayi

Shafi na 17

"Duba wayarki! Maman Biyu, don Allah duba wayarki!"

Malama ce ta faɗo shagon ɗinkin ba ko sallama, mayafi a hannu, garin alli har a girarta. Matar da ko gobara ake yi sai ta ƙarasa darasi, yau ta baro aji tun ƙarfe tara na safe.

Maman Biyu ta ɗage ƙafa daga kan keke, ta zare allurar da ke bakinta.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

"Wanda ya mutu ne ya tashi. Duba na ce!"

Ta zaƙulo wayar daga ƙarƙashin tarin ƙyallaye, ta taɓa zauren Ruwanmu a manhajar hira. Nan ne mutanen unguwarsu, su ɗari da goma sha huɗu, suka shekara biyu suna tara shaida a kan kamfanin fentin da ke sako musu dagwalo a magudana har ya shiga rijiyoyinsu. Hoton ruwan kowace safiya, takardun asibiti, muryoyin ma'aikatan kamfanin da suka yi magana a ɓoye, duk suna ciki. Jibi kuma za su tsaya gaban kwamitin bincike.

Sunaye ta tarar suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

An cire Kafinta.

An cire Nas.

An cire Mai Burodi.

An cire Malama.

A gefen kowane, sunan mai cirewar ɗaya ne: Baba Mai Agogo.

Baba Mai Agogo da suka binne wata takwas da suka wuce.

"Innalillahi..." Ba ta tsaya neman dalili ba, ta fara jan allon wayar sama da sauri kamar mai tonon ƙasa da farce. Abu ɗaya take nema. Bidiyo ne na daƙiƙa arba'in da ɗaya. Ƙarama, ɗaya cikin tagwayenta, kwance a gadon asibiti, leɓe a bushe, tana ture kofi tana cewa, "Mama, ba na shan na gida, ɗaci gare shi." Kwana uku bayan haka aka lulluɓe ta. Lauyarsu ta ce wannan bidiyon ya fi duk takardun nauyi. Ita kuwa ba ruwanta da nauyinsa, shi ne kaɗai wurin da muryar 'yarta ta rage a duniya.

Ta ga watan. Ta ga ranar. Ta ga ƙaramin hoton, ga kofin nan mai ruwan ɗorawa.

Ta ɗora yatsa.

Allon ya yi fari fat.

An cire ki daga wannan zaure.

"Dawo," ta ce da wayar a hankali. Ta girgiza ta. Ta buga ta a tafin hannu. "Dawo mana!"

"Ba ki da shi a wayarki?" in ji Malama, duk da ta san amsar.

"Ina zan sa shi? Wannan abar ko hoto biyar ta ɗauka sai ta ce ta cika. Yayana ya ce mu goge, wai komai yana sama cikin zauren, a adane. Da hannunsa ya goge min."

Ta miƙe, zare ya naɗe mata ƙafa, ta tsinke shi.

"Wayar Baba tana wurin Inna. Mu je."

Ko shagon ba ta rufe ba.

Magudanar da ta raba layin biyu yau shuɗiya ce, da kumfa ja a gefe kamar bakin miki. Mutane sun firfito ƙofar gidajensu, kowa da waya a hannu yana nuna wa na kusa da shi.

"Fatalwa ta koyi danna waya!" in ji Mai Burodi, amma ko shi bai yi dariya ba.

"Maman Biyu, ina za ki?" Kafinta ya ƙwala mata kira. "Jibi da me za mu je, da bakinmu?"

Ba ta juyo ba.

Ɗakin Inna, matar marigayin, yana nan yadda ya bar shi. Agogo goma sha ɗaya a bango, babu mai tafiya ko ɗaya tun da aka rasa mai ɗaura su. Tsohuwar tana zaune a bakin gado. A gabanta, durƙushe kusa da wani akwatin ƙarfe, wani mutum ne yana ta kokawa da kwado.

Sakataren ƙungiya ne. Yayan Maman Biyu, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ya ɗago, gumi na bin wuyansa.

"Auta, ke ma kin gani ko? Kwantar da hankalinki, ƙaramar matsala ce ta sabis."

"Sabis ne ya san sunan Kafinta?" in ji Malama.

Bai kalle ta ba. Shekara biyu ke nan ba ya kallonta in tana magana.

Inna ta miƙo makulli daga bakin zanenta. "Bar fasa min kwado, ɗan nan. Ga shi."

Aka buɗe. Ga gilashin ido ɗaya da Baba ke sawa in zai duba cikin agogo, ga ƙananan sukurdirebobi a gwangwani. A can ƙasa, cikin tsohuwar hularsa, wayar tana kwance, sanyi ƙalau.

"Tun ranar uku na kulle ta," in ji Inna. "Kullum sai ta yi ƙara, kullum sai na juya in ce, Malam, ana kiranka. Na gaji da magana da bango."

Malama ta ciro caja daga jakarta ta jona. Suka tsaya a kanta su uku, kamar masu jiran majinyaci ya farfaɗo. Haske ya kawo. Malama ta karanta rubutun da ke saman allon, ta sake karantawa, sannan ta ajiye wayar a kan gado.

"Layin ya mutu."

"Kamar yaya ya mutu?" in ji Maman Biyu. "Yanzun nan ya kore mu!"

"Sim ɗin da ke cikin wayar nan ne ya mutu. Layi in ya yi watanni ba a sa masa kati ba, ba a kira da shi ba, kamfanin waya karɓe abinsa yake yi ya sayar wa wani. Lambar Baba tana hannun wani yanzu. Manhajar nan kuwa ba ta san Baba ba, lamba ta sani. Duk mai riƙe da lambar, saƙo ɗaya za a turo masa, ya shige. Shi ne mai zaure, shi ne mai makulli."

"To a ƙwace mana!"

"Da wa? Admin ɗaya gare mu." Malama ta juya ta dubi Sakatare. "Ɗaya tak. Ko ba haka aka zaɓa ba?"

"Jama'a ce ta zaɓa," ya ce yana kakkaɓe gwiwa. "Ba ni ba. Hannu aka ɗaga."

"Hannu aka ɗaga bayan ka gama wa'azi! Na kawo muku wata manhajar da za mu riƙe makulli mu uku, kowane wata a kwafe komai a ajiye daban. Ka ce turanci ya yi mata yawa."

"Ƙarya na yi? Rabin mutanenmu ba sa karatu. Wannan danna ka yi magana ce, kuma ba ta cin wuri a waya. Da taki muka ɗauka, da Mai Burodi har yau yana neman ƙofar shiga."

"Na yarda. A nan ka fi ni gaskiya, kuma a ranar ma na faɗa. Na ce to a sa admin biyu. Me ka ce?"

Ya juya ya rufe akwatin.

"Ni na tuna," in ji Maman Biyu, muryarta ƙasa ƙasa. "Ka ce ba a raba wa dattijo kujera. Ka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Aka tafa maka. Har da ni na tafa, Yaya. Baba ko sunansa bai iya rubutawa a waya ba, muka ɗora masa shekaru biyu na rayuwarmu don kawai gemunsa ya fi na kowa fari."

"Girmamawa ce, Auta."

"Ai ga girman nan a cikin hula."

"Ku ba ni zuwa la'asar. Zan koma ofishin kamfanin wayar in..."

"Ka koma?"

Maman Biyu ce ta cafke maganar.

"Yaya, ka ce ka koma. Ka taɓa zuwa ne?"

"Baki ne ya suɓuce."

"Kalle ni." Ta matso har tana jin warin guminsa. "Mun shigo mun same ka kana fasa akwati, ba ka ko tambayi Inna makulli ba. Mutum ɗari suna waje suna cewa fatalwa, kai kaɗai ba ka yi mamaki ba. Tun yaushe ka sani?"

"Auta, a gaban mutane..."

"Tun yaushe?"

Ya zauna a kan akwatin.

"Wata uku."

Malama ta dafe kai.

"Na kira lambar ne bisa kuskure, aka ce babu ita. Na je ofishinsu. Suka ce sai mai layin ya zo da kansa. Na ce ya rasu. Suka ce in kawo takardar rasuwa, da ta magada, da katin shaidarsa. Na je sau huɗu, wallahi sau huɗu! Ranar ƙarshe suka ce lokaci ya wuce, lambar ta shiga kasuwa."

"Sai ka zo ka gaya mana," in ji Malama. "Zauren yana buɗe a lokacin. Kwana ɗaya ya ishe ni in kwashe komai. Kwana ɗaya, Sakatare!"

"Na ga abin yana aiki lafiya. Na ce bari a wuce zaman kwamiti tukuna. Wa zai sayi lambar tsoho har ya damu da..."

"Kunya ka ji," ta katse shi. "Kunyar ka zo gabana ka ce, Malama, kin yi gaskiya."

Ya kawar da kai.

Maman Biyu ba ta yi ihu ba. Abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Wata uku. Sati shida da suka wuce ka zo shagona, na ce maka wayata ta cika. Ka karɓa ka goge min bidiyon Ƙarama. Ka ce, Auta, yana sama, ko ambaliya aka yi ba abin da zai same shi. A lokacin ka san layin ya tafi?"

"Auta..."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"In na ce kar ki goge, za ki tambaye ni dalili."

Ta kalle shi. Wannan ne ya goya ta ya kai ta makaranta ranar farko. Wannan ne ya ɗauki gawar Ƙarama a hannunsa daga asibiti zuwa mota.

"Har yau Maman Biyu ake kirana," ta ce. "Kowa ya kira sai na amsa, don na san akwai inda zan je in ji ta biyun. Ka sayar min da ita don kar mace ta ga gazawarka."

"Ban sayar da komai ba! Ko sisi..."

"Da ma ka sayar ɗin, da na san farashinta."

Inna ta yi gyaran murya. Tun ɗazu ba ta ɗauke ido daga hular mijinta ba.

"Tunda ana kwance ƙulli, bari in kwance nawa. Ɗan nan, ka tuna ranar da ka zo duba Malam a asibiti, ana saura kwana biyar ya cika?"

"Inna, don girman Allah..."

"Girman Allah ne ya sa zan faɗa. Ya miƙa maka wayar nan da hannunsa, ina zaune. Ya ce, karɓi abin nan, ka kai wa yarinyar nan malamar makaranta ta sa kanta a ciki, ni tafiyata ta zo. Me ka yi?"

Sakatare ya sunkuyar da kai.

"Ka mayar masa ƙarƙashin matashi. Ka ce, haba Baba, wa ke karɓar makulli a hannun mai rai? Kai za ka kai mu gaban kwamiti da ƙafarka. Ya yi murmushi don ka faranta masa. Da ka fita ya ce da ni, yaron nan yana da ladabi, Allah ya sa kar ladabinsa ya kashe mutane." Ta share ido da gefen mayafi. "Ni ban san me ke cikin waya ba. Da na sani, da ko kukanta zai haukata ni ba zan kulle ta ba."

"Ba laifinki ba ne, Inna," in ji Malama.

"Kowa da rabonsa a ciki, 'yar nan. Nawa na ɗauka."

Malama ta juya kan Sakatare, ta runtse ido kamar tana duba jarrabawar ɗalibin da ya yi satar amsa.

"Akwai abin da bai shige min ba. Mai sayen layi a kasuwa ba ruwansa da zauren wasu. Wannan kuwa ya san manhajar da zai buɗe, ya san ranar da zai kore mu. Saura kwana biyu cif. A ofishin wayar, me ka gaya musu?"

"Roƙonsu na yi."

"Da wane baki?"

"Na ce su taimaka, ba layi ne na wasa ba. Na ce duk shaidarmu a kan kamfanin fenti tana ciki, har da muryoyin ma'aikatansu bakwai. Don su ga muhimmancin abin!"

"A ɗaki ka faɗa ko a kantar da ake sauraron jama'a?"

"A kanta. Akwai gilashi tsakaninmu, ma'aikaciyar ba ta ji sosai, sai na ɗan ɗaga murya. Na rubuta mata lambar ma a takarda, da manyan baƙi."

"Mutum nawa ne a bayanka?"

"Layi ne dai... an cika."

Malama ta yi wata dariya wadda ba ta da alaƙa da farin ciki.

"Shekara biyu muna raɗa. Ma'aikatan nan bakwai a bayan gida suke ɓuya su yi mana magana. Kai kuma ka je tsakiyar gari ka yi shela, har da adireshi!"

Maman Biyu ta daina jin su. Ta ciro wayarta ta nemo sunan da ba ta taɓa iya gogewa ba. Baba Agogo.

"Me za ki yi?" in ji Sakatare.

"Abin da ka kasa. Zan yi magana da mutum."

"Auta, ki bari a yi shawara, a kira taro..."

"Taronka ya ishe ni."

Ta danna. Ta kara a kunne. Ko wane ne, za ta roƙe shi. In ya ce ta durƙusa za ta durƙusa, in ya ce keken ɗinkinta yake so ya zo ya ɗauka. Daƙiƙa arba'in da ɗaya kawai, ya riƙe sauran.

Kiran ya shiga.

Ƙara ɗaya. Ƙara biyu.

Sai ta sauke wayar daga kunnenta a hankali, domin ƙarar ba daga can kaɗai take zuwa ba. Wata waya ce ke ruri a tsakar gidan, bayan labulen ƙofa.

Inna ta dafe ƙirji.

"Salamu alaikum. Da mutane?"

Hannu mai jan farce ya yaye labulen. Mace ce doguwa, cikin kwat ruwan toka, da jakar takardu a hammata. Takalminta ƙal, ko ɗigon ruwan magudana babu, alamar har ƙofar gida mota ta kawo ta. Babu wanda ya taɓa ganinta a unguwar. Wayar da ke hannunta tana ta haske, ta kalle ta, ta kashe kiran da babban yatsa.

Ƙarar da ke hannun Maman Biyu ta ɗauke.

"Sannu da gida, Inna. Ya ƙarin haƙuri? Na saurari marigayi sosai, mutum ne mai daɗin murya." Ta juya. "Kai ne Sakatare, na gane ka tun a ofishin waya. Ke ce Malama, kin fi kowa dogon saƙo."

"Ke wace ce?" in ji Malama.

"Lauya ce, kamar taku. Sai dai ni ta wancan gefen katangar."

Idonta ya sauka a kan Maman Biyu, ya yi laushi, laushin da ya fi mari ciwo.

"Ke kuma ba sai an gaya min ba, kamarku ɗaya da ita. Sau uku na kalla. Ni ma uwa ce, ban iya goge shi da sauran ba."

"Da sauran?" Sakatare ya miƙe zumbur.

Ba ta ko dube shi ba. Ta juyo da allon wayar. Ga gadon asibitin. Ga kofi mai ruwan ɗorawa. Ga ƙaramin hannu a tsaye cak, yana shirin ture shi.

Maman Biyu ta kai hannu. Matar ta janye wayar kaɗan, taƙi ɗaya kawai, ta zuge jakarta ta ciro takarda da biro, ta shimfiɗa a kan akwatin Baba Mai Agogo.

"Layi biyu ne, ba su da yawa. Cewa 'yarki da ciwonta aka haife ta, kuma jibi ba za ki je ko'ina ba. Kina sa hannu, yarinyarki za ta yi miki magana kafin in fita daga ɗakin nan."

"Kar ki taɓa biron nan!" in ji Malama.

"In ban sa ba fa?" Maman Biyu ta tambaya, idonta a kan kofin.

Matar ta ɗora yatsa a kan ɗan hoton kwandon shara da ke ƙasan allon, ta bar shi a nan.

"Hannuna ya fara gajiya, Maman Biyu."